Gidan da Aka Naɗe da Soso

Zuwa ga 'yata Auta,

Tun ina ɗan koyo a shagon gyaran kujeru na ji wani labari, ban kuwa yarda da shi ba. Wai an yi wani attajiri mai ɗa tilo, yaron da ko ƙuda ya sauka a jikinsa sai jini ya kwanta a wurin. Wai uban ya tara masu sana'armu suka bi gidan kaf suka naɗe shi da soso, bango da ƙyaure da ƙafar gado. Yaro bai ƙara jin ciwo ba. Sai dai wai ya daina magana, aka riƙa samunsa a bakin taga yana ƙwanƙwasa gilashi da cokali, don shi kaɗai ne abu mai tauri da ya rage a gidan. Maigidana da ya koya mini aiki ne ya fara ba ni labarin, ranar da na ɗura wa wata kujera soso har ta koma kamar mai ciwon kumburi. Daga baya wani direban babbar mota ya maimaita mini, amma a bakinsa yaron tserewa ya yi ya zama maƙeri. Na ce labari mai wutsiya biyu ai ƙanzon kurege ne. Taushi bai taɓa cutar da kowa ba. Da taushi na ciyar da ku har kuka girma.

Kin ga aikin tsufa ko? Na sa tatsuniya gaba da gaisuwa. To, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki in hanya ta dawo da shi, da jikata Ƙadangaruwa mai hawan bango. Yaya jikin nata? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini gardama kowace safiya kamar ita ta haife ni.

Kada ki ce don me ban kira ba. Kin san halin kunnena: guduma ta ci rabonta, ɗan abin da ta bar mini ba ya kama muryar mutum ta waya. In kina magana sai in ji kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Takarda kuwa ba ta gajiya da in ce mata "me kika ce?"

Roƙo gare ni, shi ya tuno mini da attajirin nan. Ina so ki kawo mini yarinyar nan in kin sami hutun aikinki na ƙarshen shekara. Na san abin da za ki ce. Ban manta da zuwanku na ƙarshe ba, da na ɗaga ta sama kamar yadda na saba, washegari sai ga shaidar yatsuna kwance a haƙarƙarinta. Ban manta da haɓon da ya ƙi tsayawa ba, har kika naɗe kayanku ba ki ƙarasa shayinki ba. Na kuma san gidana ba gidan yara ba ne: shago a gaba, ɗaki a baya, ko'ina ƙusa da almakashi da gefen benci. Amma ki tuna 'yar wa ce ke. Abin da attajiri ya tara mutane suka yi masa, ni kaɗai zan yi shi. Ragowar soson da ke jibge a bayan shago ya isa a naɗe tashar mota.

Tun da mahaifiyarki ta rasu gidan nan ya yi mini yawa, kamar rigar aro. Har yanzu in na dafa shayi kofi biyu nake zubawa, sai na zauna nake tunawa. Maƙwabcina mai walda ne ke shanye na biyun, kuma bai taɓa tambayar na wa ne ba, Allah ya saka masa da alheri.

Ki duba maganar nan da idon rahama. Ki ce wa Ƙadangaruwa ƙaramar gudumarta na nan rataye inda ta bar ta.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Maganar gwiwa, don Allah ka rage tsugunno.

Baba, bari in yi maka bayani yadda likitar jini ta yi mini, don na lura kana ɗauka ciwo ne da za a sha magani ya wuce. A cikin jini akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da aikinsu toshe duk inda jini zai fita. Jikinta yana yin su, amma garkuwar jikin nata ta ɗauke su baƙi, tana cinye su tun ba su yi aiki ba. Ba ciwon daji ba ne, an bincika. Ba a ɗauka a wurin wani, ba kuma gado ba ne, saboda haka ka daina bin dangin Mama ɗaya bayan ɗaya kana neman wanda ya ba ta. Yawancin yara cikin 'yan watanni suke warkewa. Ita ta haura shekara, shi ya sa yanzu suke ce masa mai daɗewa.

An fara ba ta ƙwayoyin da suka kumbura mata fuska, ta riƙa ci kamar gara tana kuka ba dalili. Da aka janye su, yawan ƙwayoyin jinin ya sake faɗuwa. An yi mata wani ƙarin ruwa na musamman, ya riƙe ta 'yan makonni ya sake ta. Yanzu wata ƙwaya take sha kullum, wadda ba a haɗa ta da madara sai an ba da tazara, kuma ana duba hantarta lokaci zuwa lokaci. An taɓo maganar cire saifa, amma an ce ba yanzu ba. Duk gwajin da aka yi lamba ake ba mu. Rayuwata ta koma jiran lambar nan. Babanta ma in ya kira daga hanya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Nawa ta kai?"

Na cire ta daga makaranta. Yara ba su da hankali, turereniya kawai suke yi a bakin aji. Soson da ka aiko mana bara na liƙa shi a gefen tebur da gado da bakin matakala, na sayi ƙari na bi sauran wuraren. In zan tafi kamfani sai in kulle ta, maƙwabciyata tana leƙa ta. Kowace safiya ina duba ƙafafunta da dasashinta, ina neman ɗige-ɗigen nan ja masu kama da cizon sauro.

Abin da nake tsoro buguwar kai ne. An ce in jini ya zuba a cikin kai... ba zan iya ƙarasa rubutawa ba.

Ban ce a'a ba, Baba. In ka naɗe gidan yadda ka ce, ka kwashe ƙusoshi, ka kulle maganin gwiwarka don irinsu asfirin ba su dace da jininta ba ko kaɗan, sannan lambar ta ɗan ɗaga, za mu zo. Ban yi alkawari ba. Na ce dai za mu zo in hakan ta samu.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta.

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa irin ta uba da 'yarsa. Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na gane bayanin sarai. A sana'armu ma haka ne: ba manyan ƙusoshi ke riƙe yadi a jikin kujera ba, 'yan ƙananan nan ne da ba a ganinsu. In suka yi ƙaranci, yadi lafiyarsa lau, katako lafiyarsa lau, amma kana zama sai baki ya buɗe.

"In hakan ta samu" ɗin nan taki ita na riƙe, kamar yadda mai faɗawa rijiya ke riƙe ko da kaifin takobi. Washegari na fara aiki. Na naɗe ƙafafun gado da na tebur. Na bi gefen benci da soso mai kauri, na rufe shi da ragowar yadin wata kujera mai furanni, har ya fi kyau da yadda yake. Na shimfiɗa tsofaffin katifu a ƙasa tun daga bakin shago har ƙofar banɗaki. Ƙyauren kabad ɗin mahaifiyarki, wanda ke bugawa gau in an sake shi, na sa masa matashi. Ƙusoshi na bi su da maganaɗisu a durƙushe, gwiwa tana zagina ina ba ta haƙuri. Maganin gwiwar kuma yana cikin akwati, akwatin yana kan kabad, makullin yana wuyana.

Mai walda ya shigo shan shayinsa, ya taka katifa ya yi tangal-tangal. Ya tsaya yana kallon ɗakin.

Ya ce, "Baba, ƙwai za ka fara sayarwa ne?"

Na ce, "Baƙuwa zan yi."

Ya ce, "Baƙuwar ta gilashi ce?"

Na ce, "Kai da ka saba da ƙarfe me ka sani game da abu mai daraja? Zauna ka sha, kada ka zubar mini a kan aiki."

Ya zauna a bencin ya nutse, ya ce shi dai da za a ba shi zaɓi, gara ya kwana a kan injin waldarsa, aƙalla zai san inda bayansa ya ƙare. Sai ya kawo mini labarin attajiri mai ɗa tilo, wai a wurin kakarsa ya ji. A nasa bakin, yaron kurma ya zama. Na ce to, wutsiya ta zama uku, ƙarya ta yi jikoki.

Abu ɗaya dai zan gaya miki, ba ƙorafi ba ne. Na yi shekara da shekaru ina wannan aiki, na san soso yana shanye ƙara, amma a gidajen mutane na san haka, ban taɓa kwana a ciki ba. Kin san ɗan abin da ya rage mini na ji ƙara mai tauri ce: bugun ƙyaure, kofi a kan tebur, takun takalmina. Su ne ke amsa mini a gidan nan. Yanzu ina ajiye kofi, shiru. Ina tafiya kamar ɓarawo a ɗakina. Jiya na saki ƙyauren kabad na tsaya ina jira, kamar yadda nake yi tun mahaifiyarki tana raye, lokacin da za ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Malam, ƙyauren nan da me ya tsare maka?" Bai buga ba. Na daɗe tsaye a wurin.

Ba komai. In Ƙadangaruwa ta zo, surutunta kaɗai ya isa ya cika gida uku. Ki sanar da ni yadda lambar ta yi.

Allah ya tsare, ya ba da lafiya.
Mahaifinki.

Zuwa ga Kakana Tsoho Mai Guduma,

Ina kwana? Ina gwiwa? Haƙoranka nawa suka rage yanzu, ko sun bi gashin kanka? Mama ta ce in rubuta maka don hannuna ya saba da rubutu tun da ba na zuwa makaranta. Ta yi alkawari ba za ta karanta ba, ni na liƙe ambulan da kaina.

Kaka, Mama ta karanta mini takardarka. Don Allah da gaske ka naɗe bencin? Bencin da nake buga ƙusa a kai? To me zan zo yi? Irin wannan gidan ai ina da shi a nan. Ko hannun ƙofarmu an sa masa safa. Buroshina ma mai laushi ne kamar na jarirai, wannan dai likita ce ta ce, na yarda.

In Mama ta tafi aiki ba na jin komai sai firji. Da safe 'yan makarantarmu suna wucewa ta ƙasan tagarmu. Ba sa jin kirana don Mama ta ɗaure tagar kada in leƙa in faɗo. Sai in ɗauko cokali in riƙa buga gilashin. Wata yarinya mai jar jaka tana ɗago kai ta yi mini gwalo, ni ma in yi mata. Ban san sunanta ba. In sun wuce ma ina ci gaba da bugawa, don ƙarar tana da daɗi. Maƙwabciyarmu ta ce wa Mama na zama shiru-shiru, na yi hankali. Ba hankali ba ne, Kaka, ba wanda zan yi wa magana ne.

Zan gaya maka wani abu. Ranar gwaji likita ta tambaye ni ajinmu nawa, na ce ba na zuwa. Ta ajiye biro ta kalli Mama. Ta ce, "Maman yarinya, yarinya muke yi wa magani, ba lamba ba." Ta ce haɓona ya ragu, bakina ba ya jini, zan iya zuwa makaranta, in dai ba kokawa ba hawan bishiya ba wasan da ake karo da kai. Mama ta ce, "To, likita." Da muka fito ta ce mini likita ba ita ta haife ni ba.

Na iya tsayar da haɓo ni kaɗai. Ana sunkuyar da kai gaba ne, ba baya ba kamar yadda ka yi mini, sannan a matse wurin taushin hanci a yi ta jira ba a leƙawa. In na bugu a kai ko kaina ya yi ciwo sosai, in faɗa nan take a kai ni asibiti. Na haddace duka.

Kada ka ce wa Mama na faɗa maka. Ko kuma ka ce mata. Ban sani ba.

Ka cire wa bencina furannin nan.

Jikarka,
Ƙadangaruwa.

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina yi miki sallama, ina kuma roƙon ki karanta takardar nan a zaune, bayan kin ci abinci. Ina gaida maigidanki da yarinyar.

Ta rubuto mini, kin sani. Ta ce kada in faɗa miki, ta kuma ce in faɗa miki, na zaɓi wanda ya fi mini wuya. Auta, me likitar jini ta ce game da makaranta? Ba tuhumarki nake yi ba. Wanda ya yi mako yana rarrafe da maganaɗisu ba shi da bakin yi wa wani dariya. Tsoron da ke cikinki shi ne a cikina, kuma ni na ba ki soson farko. Gidanmu abin da muka iya ke nan: in abu ya ba mu tsoro sai mu naɗe shi. Da maƙera ne mu da wataƙila keji muka ƙera mata.

Amma ki tambaye ta abin da take yi da cokali in kin tafi aiki. Ni ban taɓa ba ta labarin attajirin nan ba, ke ma na san ba ki karanta mata wannan wurin ba, don kin sha ce mini tatsuniyoyina tsoratar da yara suke yi. Da na zo wurin a takardarta sai da na ajiye ta na fita waje na tsaya a bakin shagon mai walda, don kawai in ji ana dukan ƙarfe. Ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce hayaƙinsa ne ya shiga mini ido. Ya ce yau bai kunna inji ba. Na ce to na jiya ne.

Ranar da maigidana ya ba ni labarin nan, bayan ya gama dariya ya sa ni na zauna a kan kujerar da na cika wa soso. Na nutse har gwiwa ta taɓa haɓa, na kasa tashi sai da ya miƙo mini hannu. Ya ce mai zama yana son taushi, amma mai tashi katako yake nema ya dafa. A lokacin na ɗauka maganar kujera yake yi.

Ni ba likita ba ne, ban ce ki jefar da tsoronki ba. Buguwar kai gaskiya ce, maganin gwiwata ma yana nan a kulle, makullin a wuyana. Abin da na ce, matar nan da ta san jinin yarinyar ta ce ta tafi makaranta. Ki koma wurinta ki tambaye ta duk abin da ke hana ki barci, ɗaya bayan ɗaya, har sai ta gaji da ke. In ta sake cewa ta tafi, ki bar ta ta tafi.

Ni dai na fara kwance nawa aikin. Na bar soso a kusurwar ƙarfen nan ta teburin yanka, wadda ke daidai goshinta, da bakin matakalar bayan gida. Sauran na naɗe na mayar inda suka fito. Na san wannan ya saɓa sharaɗinki, kuma na san abin da hakan zai iya jawo mini. Ki yi fushi da ni in kin ga dama, kin fi kowa iyawa, a wurin mahaifiyarki kika gada.

Allah ya sanyaya miki zuciya.
Mahaifinki.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ka yafe mini daɗewar da na yi ban amsa ba. Na rubuta maka wata takarda tun a makon da taka ta zo, Allah ya sa ban aika ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce kai kana can, ni ce ke riƙe tawul in jini ya ɓalle. Amma wata safiya na yi kamar na tafi aiki, na tsaya a tsallaken titi. Na gan ta a taga da cokalin. Baba, minti nawa ta yi a wurin ban sani ba, yara sun wuce tuni, titi ba kowa, ita tana ta bugawa. Ban je aiki ba ranar.

Na koma wurin likita da tambayoyina, ta amsa su duka ba ta gaji ba. Ta ce zubar jini a kai yana faruwa amma ba kasafai ba, kuma kulle yaro a ɗaki ba ya ɗaga lamba. Ta rubuta wa makaranta takarda: abin da za ta yi, abin da ba za ta yi ba, maganin da ba za a ba ta ba, da wanda za a kira. Malamar ajinsu ta karanta ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ina da wanda ke cin alli."

Ta koma makaranta. Ranar farko a bakin ƙofa na wuni kamar mai gadi, har mai gadin ya kawo mini kujera. A mako na biyu ta faɗi a filin wasa, jini ya kwanta mata a gwiwa kamar tafin hannuna. Ni na tsorata. Ita kuwa nuna wa yara take yi, wai har layi suke yi su gani. Lambar ba ta wani ɗaga ba, tana hawa tana sauka. Ina dai duba ta kowace safiya, wannan ba zan daina ba. Na cire wa hannun ƙofa safa.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi. An bar ta a baya sosai a karatu. Makaranta za ta yi wa irinsu darasi na musamman a cikin hutun ƙarshen shekara, in ba ta yi ba sai ta maimaita aji, ta rabu da ƙawarta, wata mai jar jaka da ba sa rabuwa. Na ba ta zaɓi, ban matsa mata ba. Ta yi kuka, ta ce in tambaye ka. Na ce Kaka ba zai zaɓa miki ba. Ta zaɓi darasin.

Ba za mu samu zuwa bana ba, Baba. Na san abin da ka kwance da hannunka, na kuma san don wa. Ka yafe mana. In Allah ya kai mu wani hutun.

Na ce ta rubuto maka, ta ce sai ta gama aikin gida. Ga dai abin da ta yi a ƙasa tana sauri.

'Yarka, Auta.

Kaka tsoho, kada ka ba kowa gudumata. Ƙawata ta ce ita ma tana so ta zo. Sai an jima, ana jirana.

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Babu abin yafewa. Ki ce wa Ƙadangaruwa zaɓinta daidai ne, kuma in ta maimaita aji bayan duk wannan, ni da ita ne. Guduma tana nan. In ƙawar za ta zo, sai in nemo ta biyu.

"Ana jirana." Na karanta wannan wuri har takardar ta fara laushi. Rabon da a jira ta a wani wuri ban da layin asibiti an daɗe.

Gida ya dawo da muryarsa. Ƙyauren kabad yana bugawa gau, ina sakinsa da gangan safe da yamma, ba mai tsawata mini. Mai walda ya zauna a benci ya ce alhamdu lillahi, bayansa ya dawo. Ya tambaye ni ina baƙuwar gilashi. Na ce tana makaranta. Ya ce, "To ai sai murna, Baba." Na ce murnar nake yi, haka fuskata take. Ya sha shayinsa ya tafi, na wanke kofuna biyu.

Jiya wani mai sayen kujera ya ga tulin soso a bayan shago, hira ta kai mu ga labarin attajiri mai ɗa tilo. Ya ce, "Tsoho, kai ma ka yarda da wannan?" Na ce da ban yarda ba. Ya ce a wurin wa na ji? Na ce maigidana ya ba ni, direba ya ba ni, mai walda ya ba ni, kowa da irin wutsiyarsa, ban ɗauki ko ɗaya ba. Wadda ta ba ni shi daga ƙarshe jikata ce, ita kuwa ba ta ma san labari ba ne.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya yi muku albarka.
Mahaifinki.